Maya Yoshida: yadda ɗan bayan Japan ya yi shekara 13 a Turai ba tare da ya zama tauraro ba

Duk wanda ya daɗe yana bin ƙwallon Turai ya san irin ɗan wasan da ƙungiyoyi ke zuwa Japan su sayo: ɗan tsakiya mai iya taɓa ƙwallo, mai gudu ba gajiya, wanda ba ya yi wa koci gardama. Hidetoshi Nakata ne ya fara jawo hankalin duniya da ya je Perugia a 1998, ya kuma ɗauki gasar Italiya da Roma a 2001. Shunsuke Nakamura ya yi suna a Celtic, Shinji Kagawa ya je Dortmund a 2010 ya ci gasar Jamus sau biyu a jere. Daga baya aka fara ɗaukar 'yan bayan gefe, su Atsuto Uchida a Schalke da Yuto Nagatomo a Inter Milan, domin aikin gefe aikin huhu ne da sauri, kuma babu mai musun cewa 'yan Japan na da su. Gurbi ɗaya ne ya daɗe a rufe: tsakiyar baya, lamba biyar da lamba shida. Yuji Nakazawa da Marcus Tulio Tanaka su suka tsare wa Japan gida a gasar cin kofin duniya ta 2010, ƙwallo biyu kacal aka zura mata a wasa huɗu, amma a cikinsu babu wanda ya taɓa buga wa wata ƙungiyar Turai. Tsuneyasu Miyamoto ya je Salzburg ta Ostiriya a 2007 yana dab da shekara 30, bai kuma daɗe ba ya koma gida.

Wanda ya ɓalle wannan ƙofa shi ne Maya Yoshida, kuma ba da ƙarfin baiwa ya ɓalle ta ba. Bai taɓa buga gasar zakarun Turai ba. Babu wata babbar ƙungiya da ta taɓa sayensa. A Ingila kusan kowace shekara sai an sayo wanda ake so ya maye gurbinsa. Duk da haka ya yi shekara 13 da rabi a Turai, tsakanin Holand da Ingila da Italiya da Jamus, ya buga wasa 154 a Firimiya, kuma shi ne kyaftin ɗin Japan ranar da ta doke Jamus da ranar da ta doke Sifaniya a gasar cin kofin duniya ta 2022. A ganina wannan daɗewar ce ta sauya wa masu sayen 'yan wasa tunani game da ɗan bayan Japan, fiye da duk wani wasa ɗaya da ya taɓa bugawa.

Sai an fahimci dalilin da ya sa wannan gurbi ya fi kowanne wuyar samu ga baƙo kafin a gane girman abin da ya yi. Mutane kan yi saurin cewa tsawo ne da ƙarfi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Gasar ƙwararru ta Japan sai a 1993 aka fara ta, wasanta na ƙasa-ƙasa ne, ɗan bayan da ya tashi a cikinta ba ya haɗuwa da ƙaton ɗan gaba mai saka gwiwar hannu kowane mako. Amma Yoshida na da tsawon santimita 189, ko a Ingila ba za a kira shi gajere ba. Babbar matsalar ta baki ce. Ɗan gefe zai iya yin kaka guda bai faɗi kalma goma a fili ba, ƙafarsa ta ishe shi. Ɗan bayan tsakiya kuwa shi ke ganin filin gaba ɗaya. Shi zai ce a matso, shi zai ce a ja baya, shi zai tsayar da layin satar gida, shi zai gaya wa ɗan tsakiya akwai mutum a bayansa, shi zai nuna wa kowa wanda zai riƙe idan za a bugo kwana. Duk wannan cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, cikin ihun mutum dubu talatin, da yaren da gola da sauran 'yan baya za su ji ba sai sun tsaya tunani ba. Wanda sai ya haɗa magana a zuci kafin ya buɗe baki, ƙwallo ta riga ta wuce shi.

Sai batun amana. Koci na iya gwada sabon ɗan gaba na minti 20 a ƙarshen wasa. In ya yi, madalla, in bai yi ba, babu asara. Ba a gwada ɗan baya haka. Ba kasafai ake canza lamba biyar ana tsakiyar wasa ba sai da rauni, don haka ko dai ka fara ko ka wuni a benci. Aikinsa kuma irin na maigadi ne: darare ɗarin da ba a yi sata ba babu mai tunawa, dare ɗayan da aka haura katanga shi za a riƙa jingina masa. In baƙo ne daga ƙasar da ba a san ta da 'yan baya ba, kuskurensa ba nasa ba ne shi kaɗai, hujja ce da za a kafa a kan duk 'yan ƙasarsu.

An haifi Yoshida a Nagasaki ranar 24 ga Agustan 1988. Yana ɗan shekara 12 ya bar gida ya shiga makarantar horon yara ta Nagoya Grampus, ƙungiyar da ta fito daga kamfanin Toyota, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga garinsu. Masoya Arsenal sun san sunan, can ne Arsène Wenger ya yi koci a 1995 da 1996 kafin a kira shi Landan. A cikin yara Yoshida ɗan tsakiya ne mai tare, sai da ya hau babbar ƙungiya a 2007 ya zauna a baya, shi ya sa tun farko ba ya tsoron riƙe ƙwallo da raba ta daga gida. Kocin Nagoya na lokacin ɗan Holand ne, Sef Vergoossen, wanda ya taɓa horar da wata ƙaramar ƙungiya a bakin iyakar Holand da Jamus mai suna VVV-Venlo. Ta wannan hanya Keisuke Honda ya bar Nagoya ya je Venlo a Janairun 2008. Da Honda ya wuce CSKA Moscow a Janairun 2010, a watan Yoshida ya iso. Kafin nan ya je gasar Olamfik ta Beijin a 2008 yana shekara 19, inda Japan ta faɗo rukuni ɗaya da Najeriya ta Samson Siasia. Najeriya ta ci 2-1, Japan ta sha kashi a duk wasanninta uku.

Mai tambaya zai ce me ya kai shi ƙaramar ƙungiya irin Venlo. Doka ce ta kai shi. A wancan lokacin Ingila ba ta ba ɗan wasan da ba na Tarayyar Turai ba izinin aiki sai ya buga kashi 75 cikin ɗari na wasannin gasa na babbar tawagar ƙasarsa a shekara biyun da suka gabata, ƙasar kuma tana cikin 70 na farko a jadawalin FIFA. Yoshida sai a Janairun 2010 ya fara buga wa babbar tawagar Japan. Holand ba ta duba wannan. Sharaɗinta shi ne ƙungiya ta biya baƙo albashin da bai gaza wani adadi ba. Don haka a wancan lokacin hanyar ɗan Japan zuwa Firimiya mai zagaye ce: ka fara samun ƙungiyar da za ta sa ka kowane mako a Holand, wannan ya sa ƙasarka ta riƙa kiranka, kiran ya ba ka izinin Ingila.

Bai ko buga wasan gasa ɗaya ba ya samu karaya a ƙafa. Sauran kakar ta wuce yana jinya, gasar cin kofin duniya ta 2010 ta wuce yana kallo, ƙungiyar da ya baro kuma ta ɗauko Tulio a gurbinsa ta ci gasar Japan karon farko a tarihinta a wannan shekarar. Da yawa a nan suke karaya su koma gida. Shi ya zauna, ya dawo fili a ƙarshen 2010. A wannan kakar ce wani yaro ɗan shekara 18 daga Kano Pillars ya fara buga wa Venlo, wato Ahmed Musa, wanda ya zo da tarihin ƙwallo 18 a gasar Najeriya. Sun yi fiye da shekara suna sa riga ɗaya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a ƙungiyar da kullum ke fafutukar kada ta faɗa gasar 'yan dagaji, kafin Musa ya wuce CSKA Moscow a Janairun 2012 ya tarar da Honda. Buga wa ƙungiya mai rauni makaranta ce ga ɗan baya, domin shi ake kai wa hari daga farko har ƙarshe. Abin da ya koya a Venlo ke nan: karo da sama, tsayuwa a gaban Ajax da PSV ana ta danno ka, da magana a fili. Ya sha faɗa cewa tun yana makaranta ya riƙe Turanci da gaske saboda burin fita waje, kuma a Holand Turancin ya yi masa rana.

Gasar cin kofin Asiya ta 2011 a Katar ta nuna shi yadda yake, da kyau da muni. A wasan farko Jodan na gaba da 1-0, shi ya farke da ka a ƙarin lokaci. A wasan daf da na kusa da na ƙarshe da masu masauki aka kore shi da katin gargaɗi na biyu, abokansa goma suka ci 3-2. Ya dawo a wasan ƙarshe, Japan ta doke Ostireliya 1-0 ta ɗauki kofin. Amma abin da ya sayar da shi Olamfik ce ta Landan a 2012. An ɗauke shi cikin manyan da doka ta yarda a ƙara wa 'yan ƙasa da shekara 23, aka ba shi kyaftin. Japan ta doke Sifaniya 1-0 a Glasgow, ta yi wasa huɗu ba a zura mata ƙwallo ba, shi kansa ya ci Masar da ka a Old Trafford. Meziko ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, Koriya ta Kudu ta ƙwace tagulla, amma masu farautar 'yan wasa na Ingila sun gani da idonsu a filayensu. A ƙarshen Agusta Southampton, wadda ta hau Firimiya a shekarar, ta saye shi.

Shekara bakwai da rabin da ya yi a can ita ce zuciyar labarin. Wasansa na farko a gidan Arsenal ne, ranar 15 ga Satumban 2012. Jos Hooiveld ya ci gida, ya kuma ji rauni kafin a tafi hutun rabin lokaci, aka ce Yoshida ya shiga. An tashi 6-1. Duk da haka ya riƙe gurbin, ya buga wasa 32 a wannan kakar, Southampton ta tsira a mataki na 14. Daga nan aka fara abin da zai riƙa maimaituwa. A 2013 Mauricio Pochettino ya kawo Dejan Lovren ya haɗa shi da José Fonte, wasannin Yoshida suka faɗo daga 32 zuwa 8. Lovren ya tafi Liverpool a 2014, Ronald Koeman ya karɓo aron Toby Alderweireld, ya kuma sayo Florin Gardoș. Alderweireld ya tafi Tottenham a 2015, aka kawo Virgil van Dijk daga Celtic. Bayan su ga Wesley Hoedt da Jan Bednarek a 2017, ga Jannik Vestergaard a 2018. Koci bakwai ya yi wa aiki: Nigel Adkins, Pochettino, Koeman, Claude Puel, Mauricio Pellegrino, Mark Hughes da Ralph Hasenhüttl. Da wuya a samu kakar da aka buɗe shi ne zaɓin farko, amma in ban da kakar Lovren da rabin kakarsa ta ƙarshe, babu wadda ya buga ƙasa da wasa 17.

Ba zalunci aka yi masa ba. Van Dijk da Alderweireld sun fi shi nesa ba kusa ba, kuma Yoshida na da lahani sananne: yakan yi minti 89 lafiya lau, a minti ɗaya hankalinsa ya ɗauke. Wanda ya kalli wasansu da Manchester United ranar 20 ga Satumban 2015 ba zai manta ba. Ana 1-1, an dawo daga hutu ba da daɗewa ba, ƙwallo na ƙafarsa a ɓangaren dama. Ya juya ya tura wa gola Maarten Stekelenburg ba tare da ya ɗaga kai ba. Bugun ya yi sanyi, Anthony Martial kuma na tsaye a hanya. Yaron ya ɗauka, ya nufi gola shi kaɗai, ya ajiye ta a raga. United ta ci 3-2, kuma sunan Yoshida aka yi ta kira. Irin wannan rana kan gama da ɗan bayan da dama ba a gama yarda da shi ba.

Abin da ya yi bayanta shi ne abin da nake girmamawa. Bai nemi a sayar da shi ba, bai koma Japan inda za a karɓe shi hannu bibbiyu ba. Aka sa shi bayan dama, ya buga. Aka ajiye shi, ya ci gaba da atisaye. Sai ga Janairun 2017: aka sayar da Fonte ga West Ham, Van Dijk ya ji raunin da ya ƙare masa kaka. Puel ya duba benci, babu kowa sai Yoshida da wani matashi, Jack Stephens. Su biyun suka je Anfield a wasa na biyu na kusa da ƙarshen kofin League, suka hana Liverpool ta Jürgen Klopp zura ƙwallo, Southampton ta ci 1-0 kamar yadda ta ci a wasan farko. A wasan ƙarshe a Wembley ranar 26 ga Fabrairu United ta sha da ƙyar da 3-2, Zlatan Ibrahimović ya ci ta ƙarshe da ka saura 'yan mintuna. A Afrilun shekarar ya zama ɗan Japan na farko da ya buga wasa 100 a Firimiya, ya kuma fara ɗaura ƙyallen kyaftin a wasu wasannin. Ga inda maganar baki ta dawo: mutumin Nagasaki ne ke ba Turawan Ingila umarni a layin baya da yarensu, shi ake turawa gaban 'yan jarida ranar da aka sha kashi. A 2019 ya yi alƙawarin ba gidauniyar ƙungiyar kashi ɗaya cikin ɗari na albashinsa don ayyukan taimako a garin.

A haɗa da wahalar da ɗan wasan Turai bai sani ba. Duk hutun wasannin ƙasa da ƙasa, Yoshida zai hau jirgi na kusan awa 12 zuwa Tokyo, inda agogo ya sha gaban na Ingila da awa takwas ko tara, daga nan wataƙila a wuce Gabas ta Tsakiya ko Ostireliya wasan neman gurbi, ya dawo saura kwana biyu ko uku a yi wasan Asabar. Wanda suke takarar gurbi da shi kuwa ko dai yana gida yana atisaye a gaban koci, ko ya je tafiyar awa biyu ya dawo.

A rigar Japan ma daɗi da ɗaci a haɗe suke. A gasar cin kofin duniya ta Burazil a 2014 Kodebuwa ta juye musu wasa cikin minti biyu bayan shigowar Didier Drogba, Wilfried Bony da Gervinho duk da ka, wato daidai wurin da ake zargin bayan Japan da rauni. Suka fita da maki ɗaya. A Rasha a 2018 suka doke Kolombiya, suka yi 2-2 da Senegal ta Sadio Mané, tsohon abokin wasansa a Southampton, suka kuma tsallake Senegal ɗin da ƙarancin katin gargaɗi, huɗu da shida, hukuncin da har yanzu bai kwanta wa 'yan Afirka da yawa ba. Sai daren Rostov da Beljiyam. Japan na gaba da 2-0 a minti na 52, Yoshida da Gen Shoji sun riƙe Romelu Lukaku yadda ya kamata. Jan Vertonghen da Marouane Fellaini suka farke, duka da ka. A minti na huɗu na ƙarin lokaci Japan ta samu kwana, 'yan bayan tsakiya biyu suka hau gaba neman nasara. Honda ya bugo, Thibaut Courtois ya cafke, ya gangaro wa Kevin De Bruyne. De Bruyne ya keta tsakiyar fili ya ba Thomas Meunier a dama, Meunier ya kwanto ta ƙasa, Lukaku ya buɗe ƙafa ya bar ta ta wuce, Nacer Chadli ya tura ta raga. Shoji ya biyo shi da gudu tun daga wancan gida, taku ɗaya ya rage ya cim masa. Ana iya cewa da sun buga gajeriyar kwana sun jira ƙarin minti 30, amma ni ban ga laifin tawagar da ta ga ƙofa ta nufe ta ba.

Bayan gasar Makoto Hasebe ya ajiye buga wa ƙasa, kyaftin ya koma hannun Yoshida. A wasan ƙarshe na kofin Asiya na 2019 Katar ta ci 3-1, ƙwallo ta uku daga fenaretin da na'urar VAR ta bayar saboda ƙwallo ta taɓa hannunsa. A Olamfik ta Tokyo ya sake jagorantar matasa, suka sake ƙarewa a na huɗu. A Southampton kuma ƙarshe ya zo da muni: yana fili ranar 25 ga Oktoban 2019 da Leicester ta zura musu 9-0 a gidansu, daga nan Hasenhüttl ya juya masa baya. A Janairun 2020 ya tafi aro Sampdoria wurin Claudio Ranieri yana shekara 31. Bai daɗe da isa ba annobar korona ta tsayar da gasar. Ya koyi Italiyanci, ya samu kwantiragi na dindindin, Sampdoria ta ƙare ta tara a kakar 2020/21. Zuwa Italiya a irin wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ne, domin can ne ake ɗaukar tsaron gida a matsayin ilimi, ana auna tazarar da ke tsakaninka da abokin tsayuwarka taku-taku. A 2022 ya koma Schalke, wadda ta faɗi daga gasar Jamus a ƙarshen kakar.

A tsakiyar wannan kakar ce aka yi gasar cin kofin duniya a Katar. Da Jamus, an tafi hutu Japan na baya da 1-0 kuma ba ta ko numfashi. Koci Hajime Moriyasu ya sako Takehiro Tomiyasu, ya mayar da baya mutum uku, Yoshida a tsakiya, Ko Itakura a damansa. Ritsu Doan ya farke, Takuma Asano ya ci ta biyu daga dogon bugun Itakura. Da Sifaniya ma 2-1 aka tashi, alhali ƙwallo ba ta zauna a ƙafar Japan ko kashi 20 cikin ɗari na wasan ba. Duk sauran lokacin layin baya ne ke matsawa yana komawa, kuma muryar mutum ɗaya ke jan sa. Tsakanin waɗannan nasarori biyu tsohon lahanin ya leƙo. Da Kosta Rika a minti na 81, maimakon ya doka ƙwallo ta yi nisa sai ya ɗan ɗaga ta yana neman abokinsa, aka ƙwace a bakin da'ira, Keysher Fuller ya ci da bugun farko da ƙasarsa ta kai kan raga a duk gasar. Da Kuroshiya aka tashi 1-1, aka je fenareti, Dominik Livaković ya tare na Takumi Minamino da Kaoru Mitoma da na kyaftin ɗin kansa. A nan lissafinsa ya kai wasa 126 da ƙwallo 12 a rigar Japan, ƙyallen kuma ya koma hannun Wataru Endo a 2023.

Kofin ƙungiya bai zo ba sai a Amurka. Ya koma LA Galaxy a Agustan 2023, aka ba shi kyaftin, ranar 7 ga Disamban 2024 suka doke New York Red Bulls 2-1, Joseph Paintsil na Gana ya ci ta farko. Yana shekara 36 ya ɗaga babban kofinsa na farko da wata ƙungiya.

A duba waɗanda suka tsaya a gefensa a Katar da wanda ya biyo bayansu. Tomiyasu ya bar Avispa Fukuoka yana shekara 19 ya je Sint-Truiden ta Beljiyam a 2018, ya wuce Bologna a 2019, Arsenal ta saye shi a 2021. Manchester City ta sayi Itakura kai tsaye daga Kawasaki Frontale a 2019, ta ba da aronsa ga Groningen da Schalke kafin ya zauna a Mönchengladbach. Hiroki Ito ya bar Júbilo Iwata zuwa Stuttgart a 2021, Bayern Munich ta ɗauke shi a 2024. A 2025 Tottenham ta sayi Kota Takai daga Kawasaki yana shekara 20, ba tare da ya yada zango a Holand ko Beljiyam ba. Ba zan ce duk aikin Yoshida ba ne. Kamfanin DMM na Japan ya sayi Sint-Truiden a 2017 ya mayar da ita masaukin 'yan ƙasarsa, hukumar ƙwallon Japan ta buɗe ofis a Düsseldorf a 2020 don kula da 'yan wasanta na Turai, dokar izinin aiki ta Ingila ta sauya bayan ficewarta daga Tarayyar Turai, kuma farashin 'yan wasa a Japan da sauƙi. Amma kuɗi da ofis ba sa amsa tambayar da koci ke yi kafin ya sa hannu: shin ɗan bayan Japan zai iya tsayawa a Firimiya shekara bayan shekara, ya yi kuskure ya tashi, ya jagoranci layi? Kafin 2012 babu misalin da za a nuna masa. Lokacin da aka zo sayen Tomiyasu akwai.

Waɗannan yaran sun fi shi baiwa, shi ma ya riga ya ga hakan a fili. Tomiyasu na buga ƙafa biyu, yana tsayawa dama da hagu da tsakiya, ya taɓa rufe Mohamed Salah ruf a Emirates a Oktoban 2022 har aka cire shi. Abin da ba su nuna ba tukuna shi ne jikin da zai ɗauki wannan tafiya. Ito ya karye a ƙafa a wasan share fage na Bayern kafin ya buga wasan gasa ko ɗaya, ya dawo ya sake karyewa a wuri ɗaya a 2025. Gwiwa da sharaɓa sun hana Tomiyasu sakat. A duk kakar 2024/25 wasa ɗaya ya buga wa Arsenal, 'yan mintuna a ƙarshen karawarsu da Southampton, a Yulin 2025 kuma ɓangarorin biyu suka amince a soke kwantiragin yana shekara 26. Yoshida a shekara 26 yana bayan Fonte da Alderweireld yana jiran wani ya ji rauni, kuma gasar cin kofin duniya biyu da kofin da ya ɗaga a Amurka duk suna gabansa.